Doguwar Eriyar Baffa

Duk wanda ya zo mana gaisuwar Baffa, kafin ya yi sallama sai ya ɗaga kai sama. Ina zaune a ƙofar gida kwanakin zaman makoki ina lura da su. Mutum zai sauka daga babur, ya kakkaɓe riga, ya gyara fuska irin ta mai ta'aziyya, sai idonsa ya kufce masa ya bi dogon goran da ke tsaye a saman soro har ƙarshe, inda eriyar take a shimfiɗe da haƙarƙarinta kamar ƙashin babban kifi. Sannan ya sauko da kai ya ce mana ya haƙuri. Waɗanda suka zo daga Rimin Gado sun ce ba su tambayi kowa hanya ba. Tun daga bakin titi suka hango ta a saman darbejiyoyi, suka biyo ta ta cikin gonaki har ƙofar gidan.

Tambayar farko kusan iri ɗaya ce, kuma ƙasa-ƙasa ake yin ta. Faɗowa ya yi? Ko tsawa ce? Idan muka ce a'a, zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, a kan shimfiɗarsa ya cika bayan la'asar da kalmar shahada a bakinsa, sai ka ga kamar ba su gamsu ba. Shekara da shekaru garin nan yana jiran eriyar Baffa ta kashe shi. Da ta ƙyale shi ya yi mutuwa irin ta kowa, tsoron bai tafi ba, ya ci gaba da shawagi yana neman wanda zai sauka a kansa.

A cikin gida Gwaggo, ƙanwar su Baffa, ta ce tun ranar da aka fita da shi eriyar take kuka. Ban ƙaryata ta ba. Wayoyin da suka ɗaure goran ta kowace kusurwa suna yin wani irin gunji idan iskar gabas ta taso, kuma damina tana bakin ƙofa. Kullum da yamma hadari yakan haɗu baƙi ƙirin, ya yi ta walƙiya, ya watse babu ko ɗigo. Ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a, Liman ya kira Babanmu gefe ya ce masa mai ita ya tafi, bai kamata a bar ƙarfe yana tsokanar sama a kan gidan da mai takaba take ciki ba. Maƙwabcinmu na bayan katanga kuwa a ranar ya kwashe awakinsa daga gindin katangar ya mayar da turkensu can ɗaya gefen.

Baffa yayan mahaifina ne. Na ɗauki biro ne don ina tsoron nan gaba kaɗan idan an ambace shi a ce, af, tsohon nan mai eriya, a yi dariya a wuce. Ya fi ƙarfin haka, kuma sai bayan mutuwarsa na san iyakar yadda ya fi.

Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, manomin gero da gyaɗa da damina, mai gyaran keke a gindin tsamiya da rani. Abokan wasansa sukan ce tsawon da Allah ya hana shi ne yake ramawa da gora, shi kuma ya ce ai gara shi, su tsawon nasu ko gidan rediyo ba ya kamowa. Ba ya yar da ƙarfe. Tsohon sifok na ƙafar keke, murfin tukunya, guntun bututu, duk suna da gurbinsu a ɗakinsa. Idan yana aiki yakan cije gefen leɓe, idan kuma ya gama sai ya ja da baya ya harari abin kamar wanda ya yi masa laifi. Yana da faɗa, amma faɗansa ba ya kwana. In ka ɓata masa rai da safe, da yamma zai aiko maka da gyaɗa a kwano ba tare da ya ce ya huce ba.

Ɗa namiji ɗaya Allah ya bar musu shi da Inna, matarsa. Shi muke kira Yaya, ko da yake tazarar da ke tsakaninmu ba ta taka kara ta karya ba, tare muka yi kiwo, kusan tare aka yi mana aure. Wata shekara bayan an gama girbi Yaya ya tafi cirani Kudu kamar yadda samarin garin suka saba. Ya riƙa kira, daga baya kiran ya ja baya, daga nan lambar ta daina shiga. Abokan tafiyarsa suka dawo da faɗuwar ruwan farko, suka ce sun rabu da shi a wata tasha, ya ce zai ƙara gaba inda aka ce dako ya fi tsoka. Ni da nake bin motar dabbobi zuwa can na yi cigiya a duk zangon da na sani. Babu wanda ya ce ya mutu, babu wanda ya ce ya gan shi.

A cikin wannan zaman jiran ne mijin 'yar Baffa da ke Kano ya kawo musu wata 'yar talabijin don ta ɗebe wa Inna kewa. Da batirin mota ake kunna ta, da 'yar ƙaramar eriya mai kama da kunnen zomo a kanta. Daga nan bayan Bagwai zuwa Kano akwai tafiya, don haka abin da kunnen zomon yake kamowa bai wuce murya da wani farin burbuɗi mai motsi ba. Mu a gidanmu tsaki muke ce wa burbuɗin, don ya yi kama da tsakin dawa a faifai. Cikin tsakin nan sai ka ƙura ido sosai kake ganin inuwar mutane suna gilmawa.

Wata ƙaramar tasha ta cikin Kano tana da al'ada. Kafin labaran bayan magariba sukan sa kiɗan kalangu da 'yan hotuna da ke wucewa da sauri, manoma, masu rini, kasuwa. In an gama labaran su sake sa su. Hotunan ba sa canzawa, na jiya su ne na yau. A cikinsu akwai wani ɗan dako da buhu a kafaɗa, ya taho, ya waiwayo, shi ke nan an wuce shi. Wani maraice Inna tana tsince wake a gaban talabijin sai ta saki faifan. Ba ta yi ihu ba. Ta nuna gilashin da yatsa ta ce, “Malam, ga yaronka.”

Aka jira ƙarshen labarai, aka sake gani. Yaya yana da wata tafiya, kafaɗar hagu a ɗan karkace tun da ya faɗo daga kan jaki muna yara. Inuwar da ke cikin tsakin ma haka take tafiya. Ni kaina da na gani na ce shi ne. Fuskar dai babu ita, tsaki ya cinye ta. Masu farantin satalayit a garin ba sa samun wannan tashar, don haka babu gidan da za a je a duba. Washegari Baffa bai fita gindin tsamiya ba, ya tafi neman gora.

“Hoton yana nan a sama,” in ji shi, “mu ne ba mu kai ba.” Wannan magana na ji ta a bakinsa har ban san adadi ba.

Da murfin tukunya ya fara, ya kafe shi da ƙusa a kan gora, ya ja waya zuwa ɗaki. Tsakin ya ɗan lafa, aka gane buhun buhu ne. Ya shiga Kano ya sayo eriya 'yar kanti mai 'yan haƙarƙari kaɗan, ya zauna ya yi mata kallon tsaf, ya ce wannan ta mutanen birni ce da tasha take bayan gidansu. Ya warware ta ya ƙara mata tsawo da bututun alminiyam, ya jera sababbin haƙarƙari, dogaye a baya, gajeru a gaba. A can bayanta ya ɗaura tsohon garen keke da ragar kaji, wai don abin da ya wuce ta ya dawo. Ya haɗa gora da gora har ta haura darbejiyar maƙwabci, don ya lura ganye ma yana shan hoto, shi ya sa da damina tsaki yake ƙaruwa. Kowane ƙari sai ya yaye mana mayafi ɗaya. Wata shekara aka ga hula. Wata shekara aka ga rigar mai gajeren hannu ce. Inna ta ce ita ta san rigar.

Ni ne mai juya masa, don ƙafata ta fi tasa ƙwari a kan tsani. Goran ya bi ta cikin wani zoben ƙarfe da ya kafa a saman soro, ni ina can sama na rungume shi, shi yana ɗaki yana ƙwala mini umarni ta taga, dama kaɗan, ka wuce, dawo, tsaya nan. A nan na koyi abin da ya daɗe yana nanata mini. Ƙaramar eriya tana ji ta ko'ina, amma ba ta ji da nisa. Babba tana jiyo abu daga uwa duniya, amma sai wanda ta fuskanta kai tsaye. Gwargwadon girmanta gwargwadon tsukewar jinta, har ta kai in ka kauce da ita faɗin yatsu kaɗan, duk wahalarka ta tashi a banza. Da muka sami daidai sai ya hau da kansa ya ja farin fenti daga jikin goran zuwa kan zoben. Layin Kano yake ce masa.

Inna kuwa ba ta taɓa fashin labarai ba. Da ta idar da magariba za ta jawo tabarma, ta zauna, idan ɗan dakon ya waiwayo ta ce, Allah ya tsare, Allah ya dawo da kai. Ta tsani eriyar kamar me, duk sanda hadari ya taso sai ta hana jikoki gilmawa ta tsakar gida, amma ba ta taɓa cewa a sauke ba.

Faɗan da ya fi kowanne zafi da Babanmu aka yi shi. Wata iska ta tsakiyar damina ta tsinke waya ɗaya, goran ya sunkuyo kan ɗakinmu, muka kwashe yara muka tsaya a zaure har ta wuce. Da gari ya waye Babanmu ya same shi a gindin tsani, a gaban mutane. Ya ce masa wannan abu ya isa. Kano ba Makka ba ce, ya hau mota ya je kowane teburin mai shayi da magariba ya ga hoton nan tangaran, a huta. In ma ba zai je ba, yaran yanzu za su ɗauko masa a waya su kawo masa har gida. Gaskiya ya faɗa, kowa ya san gaskiya ce.

Baffa ya ajiye filayar da ke hannunsa. “Ɗana ba a teburin mai shayi zan gan shi ba,” in ji shi. “A gidan ubansa zan gan shi, uwarsa tana zaune. Duk wanda ya ɗauko mini shi a waya ban yafe ba.”

Babanmu ya ce to kada eriyar ta kashe wani kafin nan. Baffa ya ce in ta kashe, shi za ta fara kashewa. Sun yi kusan damina guda ba sa cin abinci a kwano ɗaya, abin da bai taɓa faruwa ba tun tasowarsu. Amma ban san wanda ya karya wannan hani na Baffa ba. Ni kaina magariba ta sha riskata a Kano, kuma da na ji kalangun nan ya tashi a talabijin ɗin wani shago, sai in tuna ina da uzuri a waje. Dukanmu tsoro muke ji, Baffa ne kawai ya mayar da nasa tsoron ƙarfe ya kafa a sama kowa yana gani.

Maƙwabcin nan mai awaki ya kai ƙarar Baffa wurin mai unguwa ba sau ɗaya ba, wai shaho yana sauka a kan eriyar yana ɗaukar masa 'yan tsaki. Wata ranar kasuwa, maza duk sun fita, ƙaramar 'yarsa ta zame cikin tsohuwar rijiyar bayan gida. Ruwan bai da yawa, amma igiyar guga ta ruɓe, yarinyar kuma ta kasa riƙewa. Baffa yana jin kururuwar mata ya ɗauki adda ya sare wayoyin nan, ya tunkuɗo goran. Eriyar da ya shafe rani guda yana haɗawa ta daki ƙasa ta tarwatse. Ya zura goran a rijiya, ya sa aka danne masa kai, ya bi shi ya sauka ya goyo yarinyar. Da uban ya dawo yana kuka yana godiya, Baffa ya ce masa ya daina ɓata hawaye, ya je ya gyara bakin rijiyarsa. A makon nan Inna ba ta ga ɗanta ba, kuma na ga yadda ta zabge kamar wadda ta yi jinya. Tun lokacin na san abin da yake riƙe da ita.

Wadda ya haɗa bayan wannan ita ce ta ƙarshe, ita ce wadda masu gaisuwa suke ɗaga kai suna kallo. Ya sayar da tinkiya ya sayo bututu sabo da waya mai kauri da busta, wata 'yar na'ura mai ƙara wa abin da eriya ta kamo ƙarfi. Tsawonta a kwance ya kusa faɗin ɗakin Inna. Sai da majiya ƙarfin unguwa suka taru da igiyoyi kafin ta tashi tsaye, har Babanmu ya zo ya kama, daga nan ne ma suka shirya. An yi sa'a ko rashin sa'a, ranar Inna tana Zakirai wurin sunan jikar ƙanwarta. Na daidaita masa layin Kano na sauko. Na so in tsaya mu gani tare, ya ce in tafi, zai fara gwadawa shi kaɗai kada a tara mutane a ji kunya. Ya shiga ɗaki ya sakaya ƙofa.

Da asuba a masallaci na tambaye shi. Bai dube ni ba, ya ce ba ta yi ba, ta yi girma da yawa. Da Inna ta dawo aka kunna, tsaki ya ma fi na da. Gari ya samu abin dariya, aka ce Baffa ya yi ta ƙari har ya ƙara a banza. Na ce masa bari in hau in duba ko iska ta kautar da ita, ya ce kada in kuskura, ya riga ya duba da kansa. Daga ranar ya ɗauke tsanin ya kulle a ɗakinsa.

Bai sake ƙara ko haƙarƙari ɗaya ba. Maganar nan tasa ta hoto yana sama ma ya daina yin ta. Yakan zauna kusa da Inna lokacin labarai kamar kullum, amma na lura ba gilashin yake kallo ba, ita yake kallo. Ya fara sayen ƙosai duk Juma'a yana raba wa yara, in an tambaye shi sadakar me ce sai ya ce sadaka ai ba ta da dalili. Kafin shekara ta zagayo ya yi abin da ya girgiza gidan. Matar Yaya tana zaune tare da su tun tafiyarsa, iyayenta sun sha neman a kai maganar gaban alƙali a raba auren, Baffa yana hanawa. Rannan shi da kansa ya sa babbar riga ya raka mahaifinta kotu. Inna ta yi kwana da kwanaki tana fushi da shi, tana cewa da wane ido zai dubi yaron in ya dawo, ga shi kullum suna ganinsa da ransa da lafiyarsa. Abin da ya ce mata kawai shi ne, yarinya ba za ta tsufa a ɗakin jira ba, in ya dawo a yi masa wata.

Ana gobe zai rasu na shiga duba shi. Jikin ya yi zafi, yana magana yana yankewa. Ya kama hannuna ya ce tsani yana bayan buhunan gyaɗa, in wayoyi sun saki in ɗaure. Sannan ya ƙara matse hannun ya ce, “Amma kada ka juya ta. Kada ka bari kowa ya juya ta.” Na ce to, Baffa. A raina na ɗauka zafin zazzaɓi ne.

Da maganar Liman ta isa cikin gida, Inna ta aiko Gwaggo ta ce a gaya wa maza ba a sauke mata eriya ba sai bayan ranta. Gwaggo ta ce mata mai takaba da kallon talabijin ai abin magana ne. Inna ta ce ita ba kallo take yi ba, gaisawa take da ɗanta, yanzu kuma da uban ya tafi wa ya rage mata. Aka tsaya a kan cewa a bar ta, amma in hau in ƙara ɗaure wayoyin kafin ruwa ya sauka.

Bayan sadakar bakwai na fito da tsanin, da yamma, gabas ta riga ta fara haɗa baƙi. Na ɗaure wayoyi, na zo gindin goran, sai idona ya faɗa kan farin fentin. Layin da ke jikin gora da na kan zobe ba su haɗu ba. Tsakaninsu ya kai faɗin yatsu uku, eriyar ta kauce wa Kano ta fuskanci wajen tsamiya. An ɗaure zoben tamau da ƙusoshin sirdin keke, an kuma buga wata doguwar ƙusa ta ratsa goran, har ta yi tsatsa. Iska ba ta buga ƙusa. Duk da haka sai na ce wa kaina idon tsoho ne ya gaza, ya ɗaure a karkace bai sani ba, shekarun nan duka Inna tana kallon tsaki a banza. Na ji tausayinsu ya kama ni. Na tuna wasiyyarsa, na kuma ture ta gefe, na zare ƙusar na haɗa layin.

Ana kiran magariba na sauko. Da na dawo daga masallaci na tarar wasu mata daga Bagwai sun zo gaisuwa a makare, suna ɗakin Inna. Ta leƙo ta ce in kunna, za ta sallami baƙi ta riski hotunan ƙarshen labarai. Na shiga ɗakin Baffa na haɗa batir.

Ban taɓa ganin hoto irin wannan a garinmu ba. Babu ƙwayar tsaki ko ɗaya, har zaren hular mai sanarwa ana gani. Kalangu ya tashi. Manoma suka wuce, masu rini suka wuce, ɗan dako ya taho da buhunsa da karkatacciyar kafaɗarsa, ya waiwayo. Dattijo ne mai furfura a gemu, da tsage a kumatu irin wanda babu shi a danginmu. Nauyin buhu ne ya karkatar masa da kafaɗa. Ko kama da Yaya bai yi ba.

Na zauna a bakin gadon Baffa, inda na tabbata shi ma ya zauna a wancan maraicen shi kaɗai da ƙofa a sakaye. Na tuna ƙosan Juma'a, na tuna babbar rigar zuwa kotu, na tuna tsanin da aka kulle. Mutumin da ya ƙarar da ƙarfinsa yana neman hoto tangaran ya same shi, ya kalla sau ɗaya, ya hau soro da tsufansa ya kautar da shi, ya buga ƙusa. Ya yarda gari ya yi masa dariya har ya mutu. Kuka ya zo mini, amma babu lokacinsa, don ina jin matan Bagwai sun fara sallama.

Na fita na hau tsanin. Iska ta riga ta taso, wayoyin suna gunjin nan da Gwaggo take faɗa, walƙiya tana haska gonaki har bakin titi. Babanmu ya hango ni daga zaure ya daka mini tsawa, in sauko, ina hauka ne. Na rungumi goran yana rawa a ƙirjina, na mayar da shi inda Baffa ya bar shi, na laluba ramin ƙusar na mayar da ita da dutse. Ban taɓa jin tsoron mutuwa kamar na wannan lokaci ba, kuma ban sauko ba sai da na tabbata ta zauna. Ruwan farko na shekarar ya same ni a kan tsani.

Na tarar da Inna a kan tabarmarta, cikin mayafin takaba, tsaki ya cika gilashi. Labarai suka ƙare, kalangu ya tashi, inuwar ta taho ta waiwayo. Ta ce Allah ya tsare, Allah ya dawo da kai. Sannan ta ƙara da cewa, “Babanka ya rasu, ka ji. Ka yi masa addu'a.”

Allah ya jiƙan Baffa, ya haskaka masa kabarinsa fiye da yadda ya so ya haskaka wancan gilashi, ya yafe masa wannan ƙarya in ƙarya ce, ya sa nauyin da ya ɗauka shi kaɗai ya zame masa sauƙi a ranar hisabi. Gonarsa da kayan gyaran kekensa za a raba wa magada. Abin da ya bar mini ba ya rabuwa, kuma ban gaya wa ko Babanmu ba.

Ranar sadakar arba'in mijin 'yarsa ya zo daga Kano da wani ɗan kwali. Dikoda ce. Ya ce ana ta sanarwa tsohuwar hanyar kamo tasha ta kusa rufewa, wannan ita ce sabuwa, kuma da eriya irin ta Baffa za ta kama ko an ɗan kauce. Ya yi mana bayani da murna, ya ce ita ba ta san tsaki ba, ko dai hoto tangaran ko kuma baƙin gilashi. Inna ta karɓa da hannu biyu ta sa masa albarka, ta tura kwalin ƙarƙashin gadonta. Ta ce ba yanzu ba, sai ranar da ta fita takaba, ta yi wanka ta sa tufafi masu kyau, don kada yaron ya gan ta a haka.

Gero ya fara fitar da kai, kwanakin takabar sun kusa cika. Jiya da na shiga gaishe ta, ta jawo kwalin ta share masa ƙura da gefen mayafinta, ta ce ni zan haɗa mata, tunda ni Baffa ya koya wa.